Afuwar Shugaban Ƙasa Ba Ta Shiga Ɗakin Inna Habsatou Ba

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mai girma shugaban wannan ƙungiya, Alhaji Hambali; limaminmu, Malam Sanusi; iyayenmu dattawa da ke zaune a gaba; iyayenmu mata da tun safe hannunsu ke cikin tukunya; ma'aikatan ofisoshin jakadanci da suka zo daga Manhattan; masu shago da masu tebur a bakin titi; mutanen Zongo na Morris Heights; da ku samari da kuka tsaya a baya saboda kujeru sun ƙare, ina gaishe ku gaisuwar ɗa ga iyaye, ta ƙane ga yayye.

Sunana Imran, abinci nake kai wa mutane a kan keke. Ina gode wa shugaba da ya miƙo mini makirufo, alhali an gargaɗe shi cewa bakina ba shi da birki. Gaskiya aka faɗa masa, amma yau zan yi ƙoƙari in taka a hankali.

An tara mu a wannan zaure na Grand Concourse domin a raba aikin liyafar Alhaji Tamimu ta ranar Asabar: wa zai dafa, wa zai jera kujeru, wa zai ɗauko shi daga otal. Ni kuwa na tashi ne in roƙi a soke ta.

Ga wanda bai san shi ba, shi ne ya shugabanci hukumar da ke duba lafiyar jiragen fito a can gida. Akwai jirgin da ma'aikatansa suka ce katakonsa ya ruɓe, shi kuma ya sa hannu aka mayar da shi ruwa, domin na surukinsa ne. Ranar kasuwa jirgin ya rabe biyu a tsakiyar kogi, cike da mata da yara. Kotu ta zauna, ta ji shaidu, ta ɗaure shi. Bai yi damina biyu a ciki ba shugaban ƙasa ya yi masa afuwa, wai don rashin lafiya. Majinyacin nan kun ga bidiyonsa a wayoyinku, yana juya babbar riga a bikin gama karatun 'yarsa. Allah Ya ba mu irin wannan ciwo!

Magana ta farko. Ban yi jami'a ba, karatuna a cikin jirgin ƙasa na layin D nake yinsa, amma abin da na karanta na gane shi. Doka ta ba shugaban ƙasa ikon buɗe ƙofar kurkuku, can haka ne, nan Amurka ma haka ne, kuma ba gardamarsa na zo yi ba. Amma afuwa ba ta ce jirgin bai nutse ba. Ba ta ce shaidu ƙarya suka yi ba. Ba ta ce mutanen Bronx su yanka rago su tafa ba. Shugaban ƙasa ya cire masa ankwa, wannan nasa ne. Tafi kuwa namu ne, hannuwanmu ne, kuma babu wata fada da ke da iko da su.

Magana ta biyu ita ce ta hana ni barci, kuma ina neman dattawa su yi haƙuri da ni.

Dukkanku kun san Inna Habsatou, ga ta can kusa da ƙofa. Da yawa daga cikinmu samari, tuwonta muka fara ci a garin nan kafin mu san hanyar jirgin ƙasa. Ɗanta Rashidu yana cikin jirgin nan da ya nutse, ya je sayo wa matarsa mai jego kifi. Har yau ba a ga gawarsa ba. A St. George take zaune, can ƙetaren ruwa, a Manhattan take aikin kula da wata tsohuwa, saboda haka kullum sai ta hau jirgin ruwa, tafiya da dawowa. Na taɓa raka ta. Baƙi 'yan yawon buɗe ido suna rububin ɗaukar hoto a bakin ƙarfen gefen jirgi, ita kuwa ta nemi kujerar tsakiya, ta juya wa taga baya, tana jan carbi har muka sauka. Na ce, "Inna, yau ruwan lafiya lau yake." Ta ce, "Ɗan nan, ran nan ma haka aka ce."

Wannan matar ce kwamitin liyafa ya aika wa dattawa ranar Lahadi, da goro da turare, a ba ta haƙuri, a roƙe ta ta zo ta zauna a babban tebur kusa da Alhaji Tamimu, ta ce ta yafe a gaban kyamara. Masu furfura suka hau benenta suna haki, suka ƙi kujera, suka zauna a ƙasa, suka cire huluna. Ku faɗa mini, don Allah, wace 'yar Hausa ce dattijo zai cire hula a gabanta ta ce a'a? Ta sunkuyar da kai ta ce, "To." Aka shafa fatiha, aka sauko ana murna, aka ce an gama.

Iyayena, ku kuka koya mana yadda ake ban haƙuri, a Damagaram ne, ko a Kano, ko a Kumasi. Mai laifi shi ake tasawa a gaba. Shi ke zama a bakin ƙofa, kansa a ƙasa, dattawa su yi magana a madadinsa saboda nauyin abin da ya yi ya hana shi buɗe baki. To ranar Lahadi ina mai laifin? Yana otal! Kun kai furfurarku, shi bai kai ko takalminsa ba. Bai aiko ya ce ya yi kuskure ba. Da aka ambata masa Rashidu, cewa ya yi, "Wane ne kuma wannan?" Direban da ya ji da kunnensa yana cikin zauren nan. Kun ɗauki girman da muke ba ku, kun ara wa mutumin da bai ma roƙa ba, kun danne uwa da shi.

Na san abin da za a ce. Za a ce baƙo ne. Baƙo ne, a ba shi ruwa, a nuna masa masallaci, ba wanda zai taɓa shi. Za a ce Allah Yana son masu yafiya. Haka ne, Malam ya fi ni sani, amma Malam ne kuma ya karantar da mu cewa haƙƙin bawa, bawan ne kaɗai ke yafe shi, ba a yafe masa da ƙarfi. Za a ce gobe muna iya buƙatar mutumin, ga fasfo, ga fili, ga yara masu neman aiki. Wannan ita ce gaskiyar maganar, kuma da irin wannan lissafi ake samun mai sa hannu a kan ruɓaɓɓen jirgi. Duk mai riƙe da muƙami a can yana kallon hotunanmu. In ya ga an ɗaure mutum, an sake shi, an kuma yi masa kalangu a New York, me zai ji tsoro?

Magana ta uku gajera ce. Mu samari mun yi shawara: ba za mu ɗauki kujera ko ɗaya ba, ba za mu ja wayar lasifika ba, ba za mu tuƙa mota ba. Ba za mu yi zagi ba, ba za mu tare ƙofa ba. Wanda ya matsu da liyafa ya naɗe hannun rigarsa ya jera da kansa.

Sannan akwai saƙo. Ban ƙirƙira ba, mai saƙon na ji na, in na ƙara ko harafi ta tsayar da ni. Inna Habsatou ta ce in gaya wa dattawa: "To ɗin da na ce, hulunanku na ce wa, ba shi ba. Na janye. Ba zan zo ba. Ran da ya hau benena da ƙafarsa ya kira sunan ɗana, ran nan zan yi tunani."

Ranka ya daɗe shugaba, ina roƙon a ɗaga hannu yanzu a kan soke liyafar nan, tana zaune tana gani, ta san su wa take ciyarwa.

Allah Ya jiƙan Rashidu da duk waɗanda kogi ya riƙe. Allah Ya sanyaya zuciyar iyayensu. Allah Ya ƙara wa dattawanmu girma, Ya tsare girman daga masu aronsa. Allah Ya ba ƙasashenmu shugabanni masu jin nauyin sa hannu, Ya mayar da kowa gidansa lafiya.

Na gode.