Sai Dai Shi Ya Gaji da Ganina

A tashar Magama, kusa da Jibiya, muna jiran motar Katsina ta cika, wani dattijo ya dubi matar da ke duba takardun jarrabawa a kan cinyarta.

"Malama, ko a mota ba hutu?"

"Ina hutu, Baba? Kwas huɗu aka ɗora mini a kwaleji wannan zangon, duk da sassafe."

"Kullum daga nan, da shingayen hanyar nan? Ki koma Katsina mana."

"Mahaifiyata na kwance a Jibiya, ba mai juya ta sai ni. Shugaban sashenmu ya sani sarai. So yake in gaji in ajiye aikin."

"To ki ajiye. Dubi idonki yadda ya yi ja."

"Wallahi ko a bayan motar shanu ne sai na je ajin nan. Sai dai shi ya gaji da ganina."

"Bakinku ɗaya da 'yata Ilham. Ta samu gurbi a kwalejin, na ce ba za ta bi hanyar nan ba."

"Yanzu tana ina?"

Ya gyara hularsa. "Tana gida. Ba ta cika yi mini magana ba."

"Gobe bayan asuba ka kawo ta nan. Kusa da ni za ta zauna."

"In wani abu ya same ta a hanya fa?"

"A gidan da ka ajiye ta, Baba, ai abin ya riga ya same ta."