Kada Jifan Asabar Ya Zama Na Ƙarshe

Mai girma shugaban Hukumar Gudanarwa ta Kwalejin Tolliver, kuma shugaban wannan zama, Mista Wendell Harkey, mai girma shugabar kwaleji, Dakta Lorna Pruitt, 'yan hukuma, malamai da ɗalibai, iyayen 'yan wasa, mutanen garin nan da kuka rufe shagunanku da safiyar Litinin kuka cika wannan zauren wasa, da ku yarana goma sha uku da ke zaune a benci kuna kallon takalmanku: ina yi muku barka da safiya. Ku ɗago kawunanku, ba zaman makoki muka zo ba.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Lyle Ransdell, shekarata goma sha ɗaya ina horar da ƙungiyar ƙwallon kwando ta maza a wannan kwaleji. Na gode wa hukuma da ta ba ni minti goma. Na gode kuma da aka buɗe ƙofa jama'a suka shigo, domin maganar da za a yanke yau ba ta cikin ofis ba ce.

Jiya Lahadi, a nan inda kuke zaune, muka taru gaban babban talabijin muna jiran kwamitin zaɓe ya kira sunanmu cikin waɗanda za su babbar gasa ta ƙasa. Mun gayyato masu ɗaukar hoto, mun buga riguna mun ɓoye a kwali don murna. Aka kira suna bayan suna har aka gama, ba a ce Tolliver ba. Duk ƙasar ta ga fuskokinmu. Ba zan ɓoye muku ba, na ji kunya, na ji zafi, har yanzu ina ji. Can sai ga gayyata daga ƙaramar gasa, wadda ake yi wa ƙungiyoyin da aka bari a baya, ana jiran amsarmu kafin ƙarfe sha biyu na yau. Na kuma san cewa a cikin jakar da ke gaban mai girma shugaba akwai wasiƙa da aka riga aka rubuta, mai cewa mun gode, ba ma zuwa. Na tashi ne in ce ban yarda ba.

Na farko, an ce gasar ba ta kai matsayinmu ba. Ina roƙon a nuna mini wannan matsayi, domin na neme shi jiya a talabijin ban gan shi ba. An ce abokan hamayyarmu za su yi mana dariya, su ce mun je cin ragowa. Su yi. Sun yi mana dariya da muna cin wasa, sun yi da muna faɗuwa, ba su da wata sana'a. Wanda ya ce wasa ƙarami ne, ban taɓa ganin gumi a goshinsa ba. Da safen nan Mama Odessa, kakar kyaftin ɗinmu Tavaris Mabry, ta tare ni a wajen ajiye motoci, ta ce, "Koci, ni fa ban san babba da ƙarama ba. Kwandon can ya fi na nan gajarta ne?" Na ce, "A'a, Mama, ƙafa goma ne ko'ina." Ta ce, "To zaman me kuke yi? Ko sai na sa takalmi na shiga da kaina?" Na duba rubuce-rubucen masana da yawa, ban ga wanda ya amsa mata ba.

Na biyu, kuma shi ne abin da ya hana ni zama, shi ne Tavaris ɗin da kansa. Kun san abin da ya faru ranar Asabar a wasan ƙarshe na rukuninmu, wasan da duk wanda ya ci ya wuce babbar gasa kai tsaye. Saura daƙiƙa biyu, suna gabanmu da maki biyu, alƙalin wasa ya ba shi jifa biyu. Na farko ya shiga. Na biyu ya zagaya bakin kwandon, ya zagaya, ya faɗo waje. Yaron nan shekararsa huɗu tare da mu, ya yi wasa da karyayyen yatsa, ya yi wasa washegarin jana'izar mahaifiyarsa. Ba zai tafi ƙwallon ƙwararru ba, a watan Agusta zai fara koyarwa a firamare. Idan wasiƙar nan ta tafi, wannan jifan da ya faɗo waje shi ne jifansa na ƙarshe a rayuwa cikin rigar Tolliver. Shi zai gani in ya rufe ido yana ɗan shekara talatin, shi zai gani yana ɗan saba'in, shi za a riƙa tuna masa a wajen aski.

Yau da na shiga ofis na tarar da shi tsaye, ya ninke rigarsa ya ɗora a teburina. Ya ce, "Koci, ga rigarku. Ku yi haƙuri." Na ce, "Rigar wa? Lambar wa ke jiki, tawa?" Ya ce, "Ai na ji an ce mun gama." Na ce, "Wa ya ce?" Ya ce, "Manya." Na ɗauki rigar na taho da ita nan. Wannan yaro bai roƙi kofi ba, bai roƙi tausayi ba, jifa ɗaya kawai yake buƙata bayan wancan, kuma mu da muka ci moriyar hannunsa shekara huɗu muna shirin hana shi don kada a yi mana dariya.

Na uku, ina roƙon kowa ya ɗaga kai ya dubi rufin nan, daga hagun agogo. Wannan tuta da kuke gani ta koɗe, ta shekarar 1974 ce, shekarar da Tolliver ta ci wannan ƙaramar gasa da ake raina yau. Shekara goma sha biyu da suka wuce hukuma ta sa aka sauke ta, wai ba a rataya komai sai tutar babbar gasa. Na same ta a ɗakin ajiya an rufe injin goge daɓe da ita. Ni na hau tsani na mayar da ita da safen nan, ba wanda ya sa ni, kuma kada a tuhumi kowa sai ni. Akwai sunaye goma sha biyu ɗinke a jikinta. Na huɗu daga sama shi ne Royce Harkey. Mai girma shugaba, mahaifinka ne, Allah ya jiƙansa. Kowa a garin nan ya san al'adarmu: ƙungiyar da ta ci gasa, kowane ɗan wasa yakan hau tsani da almakashi ya yanki zare ɗaya daga ragar kwando ya ajiye. Kowa kuma ya san a-kori-kurar Royce, da zaren nan ɗaure a madubinta shekara arba'in. Na taɓa tsokanarsa na ce, "Baba Royce, ai wannan na ƙaramar gasa ne." Ya harare ni ya ce, "Yaro, kai na wace gasa ne a motarka?" Daga ranar ban sake ba.

Saboda haka ga roƙona, kuma ga sharaɗina. Hukuma ce ke da ikon aika wasiƙa, ni ba ni da shi. Amma ba za mu ce gasar ta yi mana ƙanƙanta ba alhali tutarta tana rataye a kanmu. Tsanin yana nan inda na bar shi, ga almakashi a kan matakin farko. Duk wanda zai sa hannu a wasiƙar, ya fara hawa gaban jama'ar nan ya yanke igiyar tutar da hannunsa. Ni zan riƙe masa tsanin don kada ya faɗi.

Tavaris, taso. Karɓi rigarka, ba a teburina take zama ba. Atisaye ƙarfe uku, kuma da kai za mu fara, daga layin jifan da ka tsaya ranar Asabar.

Allah ya ba shugabanninmu zuciyar yanke abin da ba za su ji kunyarsa ba gobe. Allah ya jiƙan waɗanda sunayensu ke jikin tutar nan da suka riga mu. Allah ya ƙarfafa hannun yaran nan, ya mayar da kowa gidansa lafiya. Saura minti arba'in ƙarfe sha biyu ta cika, mai girma shugaba.

Na gode.