Bandar Hajaratu ta Ƙarshe

A tashar Argungu, motar Birnin Kebbi tana jiran cika. Wani dattijo ya rungume kwali a cinya, matar da ke gefensa tana toshe hanci.

"Baba, a sa kifin ga a but mana."

"Ba ya zuwa but, ɗiyata. Bandar matata Hajaratu ce, za a kai wa ɗanmu Albashir a Turai."

"Karatu yake yi?"

"Bincike. Wai cikin kowace ƙwayar jikin mutum akwai injin niƙa, shina farfasa furotin da ya tsufa, shi nuna wa sojojin jiki gutsattsarin, su gane na gida da baƙo. Sojojin uwarsa ne suka rikice, suka koma cin jikinta. Shi ya sa ya tafi."

"Allah sarki. Da sauƙi dai?"

"Mun rufe ta kafin yankan shinkafa."

"Innalillahi! Allah ya jiƙanta. Bai samu zuwa ba?"

"Bai sani ba. Ita ta ce kada a faɗa masa sai ya gama."

"Haba Baba! Uwa ce fa!"

"Kullum ya kira, cewa yake saura kaɗan, a ce mata ta daure. Ke za ki iya ce masa ya makara?"

Wayar dattijon ta ɗauki ƙara. Ya duba, ya miƙa mata.

"Ga shi nan. Faɗa masa."

Matar ta janye hannunta. Ya ɗauka da kansa.

"Albashir? Lafiya lau muke. Yanzu ta kwanta."