Wayar da Ta Maƙale

A tashar motar Kurfi da ke Dutsin-Ma, wani magidanci ya buɗe cikin kwamfuta a kan benci yana ta jan wata waya. Wata dattijuwa da suke jiran mota tare tana tsaye a gefensa tana kallo.

"Malam, za ka tsinke ta fa."

"Hajiya, fanka zan canja, wayar ta maƙale a jikin allon. Tun safe nake fama."

"Taka ce?"

"Ta maiɗakina ce, aikinta na kammala jami'a yana ciki. Ni na cika baki na ce na iya gyara."

"To, ka iya?"

"Ɗinki na iya, Hajiya."

"Miƙo in gani. Ka ga wannan ɗan haƙorin da ya riƙe ta? Danna shi da farce, ka kama kan, ka girgiza a hankali."

"Allahu Akbar, ta fito! Hajiya, a ina kika koyi gyaran kwamfuta?"

"Yau na fara taɓa ta. Ungozoma ce ni. Abin da ya ƙi fitowa, lallaba shi ake yi."

"Allah ya saka da alheri. Don Allah kada labarin nan ya kai kunnen maiɗakina Hamdiyya."

"Hamdiyya ɗiyar Malam Tukur ta Kurfi? Ai a hannuna aka haife ta! Matsa, tare za mu sauka."