Sunan da Baba Rudolf Ya Ƙi Saukewa

Mai girma Fasto, shugaban ƙungiyarmu ta masu ɗaukar makara, uwarmu Tante Jetty matar marigayi, ɗansa Orlando da ya taso daga Holan, jama'ar birninmu Paramaribo, sannunmu da haƙuri.

Ranar da muka kai Baba Rudolf Morgenvliet makwancinsa, mun yi rawa da akwatinsa a kafaɗa yadda ya koya mana, amma wallahi ƙafafuna ƙin bin kiɗan suka yi.

Ya kasance mafaɗaci. Ka kuskure taku ɗaya, sai ka ji, "Kai, mutum ka ɗauko ko buhun rogo?" Ya kasance ba ya barin talaka ya tafi kabari shiru. Ko gidan ba ko kwabo, sai mun taka masa.

Ya kasance mai riƙo da sunansa. Ranar da aka 'yanta bayi, wani Bature ya dubi kakar kakarsa Kwasiba a gonar rake, ya laƙaba mata Morgenvliet, sunan wata ƙoramar garinsu can Holan da ba ta taɓa gani ba. Ita ta fara amsa shi. Ɗanta Adolf ya tuƙa kwale-kwale da shi a kogin Commewijne. Jikarta Losia ungozoma ce, iyayenmu da yawa a hannunta suka faɗo. Duk bikin 'yanci, Baba kan zuba ruwa a ƙasa ya kira su ɗaya bayan ɗaya.

Orlando, ɗana, ɗago kanka. Mun san abin da ya shiga tsakaninku. Ka ce masa, "Baba, sunan Bature ne, ni kam zan sauke shi." Ya ce, "Shi da baki kawai ya bayar, mu muka yi wa sunan gumi." Kuka daina waya, har rai ya yi halinsa. Ban ce ba ka da gaskiya ba, mu ma abin yana ci mana rai. Amma kai kaɗai ya bari.

Mai sassaƙa dutsen kabari yana jira. Mahaifiyarka ta hana shi rubuta komai, ta ce ba za ta ɗora wa mijinta sunan da ɗansa ke ƙyama ba sai ɗan ya yarda. Har yau mahaifinka na kwance ƙarƙashin dutsen da ba rubutu, baƙo ya wuce ba zai san wane ne ba. Don Allah kada ka hau jirgi ba ka ba ta amsa ba.

Mun gode wa duk wanda ya zo, da matan da suka dafa abinci. Allah ya jiƙan Baba Rudolf, ya sanyaya zuciyar Tante Jetty, ya sa ɗansa ya yafe masa, shi ma ya samu yafiya. Amin.