Labarin Waya da Ya Hana Ni Addu'a

Ina gaishe ku duka cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu, wanda ya tsayar da ni a gabanku yau.

Sunana Saratu. 'Yar Kwandiko ce ni, aikin koyarwa ne ya zaunar da ni a nan Birnin Kudu. Kun san ni a makarantar Lahadi ta yara. Abin da ba ku sani ba shi ne, wata uku na yi ina koya wa 'ya'yanku abin da zuciyata ta fara shakka a kansa.

Maigidana Iliya ya rasu bara da damina. Bayan rasuwarsa gida ya yi mini faɗi. Ƙanwata Rifkatu ta ga ina yawan tagumi, sai ta saka ni cikin wani zauren karatun labarai na waya, don ya ɗebe mini kewa. A can na haɗu da labarin.

Labari ne na zamanin da, tun kafin Turawa su ci ƙasar Hausa. Wani Bahaushe ne aka sayar da shi bawa, aka 'yanta shi a bakin teku, ya zama tafintan wani ɗan mishan. Ranar da ɗan mishan yake kan gargara, sai ya raɗa wa tafintan cewa babu wani tashin matattu, magana ce aka shirya don bayi su jure wahala.

'Yan'uwa, marubucin ya iya labari. Na karanta wurin nan sau uku. Tambaya ɗaya ta tsaya mini a wuya: idan haka ne, Iliya yana ina?

Daga ranar addu'a ta gagare ni. In na durƙusa, sai in ji kamar da bango nake magana. Abinci ya fita raina. A sujada, in an ɗauki waƙa, bakina yana motsi amma ina ganin kamar kowa ya gane ni.

Wata Talata a zumuntar mata aka tayar da maganar labarin, don ashe ya zaga wayoyi da yawa. Wata uwa a cikinmu ta ce duk wadda ta karanta shi ta buɗe wa Shaiɗan ƙofa, a goge shi kawai, kada a ƙara ambatonsa. Na san don kishin Ubangiji ta faɗa. Amma ni da nake zaune kusa da ita, wayata a jaka, sai na ƙara tsorata. Na goge shi a ranar. Ya fita daga waya, bai fita daga kaina ba.

Da Ista ta matso aka ce ni zan shirya yara su yi wasan kabarin da aka tarar babu kowa. Na kasa. Na ce ba ni da lafiya, na hau mota zuwa Kwandiko.

Na tarar da Gwaggo Laraba, yayar mahaifina, a gindin darbejiya tana ɓarar gyaɗar iri. Ba ta taɓa shiga aji ba, amma ta binne miji da 'ya'ya biyu tana riƙe da Yesu. Ta dube ni ta ce ramar nan ba ta ciwo ba ce. Sai na fashe da kuka, na gaya mata komai.

Ba ta yi mini faɗa ba. Ta sa na ba ta labarin daga farko har ƙarshe, har ta ce tafintan nan ya ba ta tausayi. Sannan ta tambaye ni ko ɗan mishan ɗin ya taɓa rayuwa da gaske. Na ce a'a, marubucin ne ya ƙirƙiro shi.

Ta ce, "Saratu, mutumin da ba a taɓa haifa ba ne zai gaya miki inda mijinki yake?"

Ta ci gaba ta ce, "Amma tambayar taki ce, ba ta labarin ba. Tun ranar jana'iza take cikinki. Kada ki ɓoye ta, ki kai wa Mai ita."

Nan a kan tabarma, rana tsaka, muka durƙusa. Ban yi doguwar addu'a ba. Na ce, "Ya Yesu, ina tsoro. Ban sani ba ko zan sake ganin Iliya. In kana raye, ka riƙe ni, don ni na kasa riƙe ka." Gwaggo ta ce amin. Ban ga wahayi ba, ban ji murya ba. Amma nauyin da ya danne mini ƙirji wata uku ya sauka, kuma a ranar na ci tuwo na ƙoshi. Yabo ga Ubangiji!

Da na dawo na je wurin Fasto da tambayoyina a rubuce. Muka buɗe Littafi Mai Tsarki, ya nuna mini shaidun da suka ga Ubangiji bayan tashinsa, da yadda suka yarda a kashe su a kan abin da suka gani. Wasu tambayoyin ya ce shi ma bai san amsarsu ba, kuma hakan bai girgiza shi ba. Wannan ya taimake ni ƙwarai.

Ba zan ce tsoro ya daina leƙo ni ba. Yana zuwa, musamman in na ga rigunan Iliya. Amma yanzu na san inda zan kai shi.

Iyaye mata, 'ya'yanmu suna karanta irin waɗannan labarai. In ɗayansu ya zo da tambaya, ku zaunar da shi ku saurara. Wanda kuma yake zaune a nan yau yana waƙa da baki, zuciyarsa tana rawa, ka faɗa wa Yesu gaskiyar abin da ke ranka. Bai kore ni ba, kai ma ba zai kore ka ba.

Na gode wa Allah da ya dawo mini da addu'ata. Ranar Lahadi mai zuwa ku turo mini yaranku. Amin.