An Shuka Dawa a Filin Hokinmu

Assalamu alaikum mai gabatarwa, sannu da aiki. Ni ce Malama Ladi daga Dabai, ina koyarwa a wata sakandaren 'yan mata a Zuru.

Muna ɗalibai a wannan makarantar, wata Sista Baturiya ta coci ta koya mana wasan hoki, wanda ake buga ƙwallo da sanda. Duk kaka makarantu kan yi gasa, har muka taɓa ɗauko kofi, aka tarye mu da ganguna. Da ta koma ƙasarsu, gasar ta mutu.

Bana ɗalibaina suka ga tsohon hotonmu, suka nace sai na koya musu. Na buɗe sito, na tarar gara ta cinye sandunan, saura uku. Filin kuma an shuka masa dawa. Shugabar makaranta ta ce, "Malama, dawar nan yaran za su ci. In tuge ta?"

Jiya wata ɗaliba, Asabe, ta zo da sandar da babanta ya sassaƙa mata, ta ce, "Malama, yaushe za mu fara?" Na kau da kai don kada ta ga hawayena.

Masu sauraro, me zan gaya wa yarinyar nan? Ina gaida tsoffin abokan wasana na Manga da Sakaba. Ku ma kun san ba ni da kowa sai ku.